Rautar Surukina Mai Ƙaho Huɗu

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka buɗe sabon ɗakin sanyi na surukina a Kabo ba. Na yi iya ƙoƙarina in manta, amma mutanen Kabo sun ƙi ba ni haɗin kai.

Ni malamin firamare ne a Gwarzo. Asalin darasina ilimin zamantakewa ne, sai wata shekara aka ce dole kowace makaranta ta riƙa koyar da kwamfuta. Hedimasta ya duba takardun malamai, ya ga ni kaɗai ne na taɓa yin kwas na wata uku, ya miƙo min littafi ya ce in fara ranar Litinin. Kwamfuta ɗaya ce a makarantar, tana ofishinsa a lulluɓe da zani, kuma tun da na zo ban taɓa ganin ta a kunne ba. Daga littafin nake karantarwa. Duk da haka cikin gari aka laƙaba min Malam Kwamfuta, tsofaffi suna kawo min waya in ajiye musu lamba ko in ƙara musu ƙarar kira. Da kaɗan-kaɗan ni ma na fara yarda cewa masani ne ni.

Surukina, wanda nake ce wa Baba, asalinsu makiyaya ne daga wajen Kara. Shi ya zauna a Kabo, yana sayen madara daga rugage yana yin yogot, motoci suna ɗauka zuwa Kano. Mutum ne mai ƙarancin magana. Shekara huɗu da auren 'yarsa Ramlatu, abin da ke haɗa mu bai wuce gaisuwa ba: in durƙusa daga nesa, in kalli ƙasa, ya tambayi gida da yara, in ce lafiya, in tashi. Ban taɓa sanin ko yana ganin girmana ko haƙuri kawai yake yi da ni ba, kuma abin yana ci na a rai.

Saboda haka ranar da ya aiko a kira ni, har sabuwar hula na sa.

Na same shi a sabon ginin da ya koma a wannan makon. An zuba tebura, ga laftof biyu sababbi a kwali. Bayan mun gaisa ya ce masu kantuna a Kano yanzu ta intanet suke aiko da odarsu, don haka yana so a haɗa ofishin. Amma akwai abin da yake tsoro. Wani abokinsa a Gwarzo an shiga kwamfutarsa daga nesa, aka yi ta aika wa abokan cinikinsa saƙo da sunansa, har wasu suka daina amsa sallamarsa.

"An ce min abu biyu ake nema," in ji Baba. "Rauta, na'urar da ke raba intanet, da wani wai shi fayawol. An kuma ce kai ne ka san kan waɗannan abubuwa, Malam."

"Ai ƙaramin abu ne, Baba," na ce, ina kallon tabarma.

"Mene ne shi fayawol ɗin?"

Littafina layi ɗaya ya yi a kan fayawol, kuma na haddace shi. Na ce katanga ce da ke hana ɓarayi shiga kwamfuta.

"Kamar shingen garke ke nan."

"Sak, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya ba ni kuɗi, ya ce in zaɓo mai aminci, kada in duba araha.

Da na koma gida na ba Ramlatu labari, ina tafiya a tsakar gida kamar wanda aka naɗa sarauta. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Malam, ka taɓa ganin rauta da idonka?"

"Akwai hotonta a littafi."

"Da ka nemi wanda ya sani ku tafi tare."

Na ce mata in na nemi wani, Baba zai ce me? (Har yau in muka yi saɓani ba ta ɗaga murya. Cewa take yi kawai, "Akwai hotonta a littafi.")

Washegari na shiga mota sai Kano. Gaskiya da farko wurin da ya dace na je, wani babban kanti mai gilashi da sanyi. Mai jiran kantin ya tare ni da fara'a, sannan ya fara jero tambayoyi. Mutum nawa za su yi amfani da ita? Wane layi ne ya fi ƙarfi a wurin? Kuna samun wuta sosai, ko mai batir kuke so? Za ku ba baƙi su hau, ko ma'aikata kaɗai? Ko ɗaya ban da amsarta. Na ce masa ya bar dogon bayani ya nuna min mafi kyau. Ya ɗauko wani ɗan farin akwati, bai fi gidan sabulu ba, ko eriya babu a jikinsa. Ya ce fayawol ɗin yana ciki, saita shi kawai za a yi, kuma akwai garanti na shekara.

Na juya abin a hannuna, ba nauyi. Na hango kaina na durƙusa gaban Baba ina miƙa masa gidan sabulu, ina cewa wannan ne shingen garken. Na ajiye, na ce wa mai kantin zan zagayo.

Na zagaya kuwa, har cikin kasuwar 'yan gwanjo. A nan, tsakanin wani dutsen guga da tsohuwar rediyo, na hango ta. Baƙar ƙarfe ce mai faɗi, da nauyi kamar bulo, ga eriya huɗu dogaye a tsaye kamar ƙahon bijimi, ga maɓallan murɗawa huɗu, ga jerin ƙananan fitilu a gaba. Hoton da ke littafina eriya biyu gare shi. Wannan ta ninka.

A nan dole in yi wa mai kayan adalci. Bai ce min rauta ba ce. Ni na ce masa, "Wannan rauta ce ko?"

Ya dube ni, ya dubi akwatin, ya ce, "Rauta ce mana, Alhaji. Babba ma."

"Tana da fayawol?"

"Huɗu gare ta. Kowane ƙaho da nasa."

"To ina ake sa sim?"

Ya ɗaga ta, ya leƙa ƙasa, ya leƙa baya, ya busa ƙurar da ke cikin ramukan. Sannan ya rage murya kamar mai faɗin sirri. "Wannan 'yar Turai ce, ba ta cin sim. Daga iska take ja. Shi ya sa ba a son ta yawaita a ƙasar nan."

Ya jona ta a wuta, fitila ja ta kama. Na biya ban ko yi tayi sosai ba, don kada wani ya riga ni. A mota a cinyata na riƙe ta har Gwarzo.

Ranar Litinin bayan an tashi daga makaranta na ɗaure ta a bayan babur na nufi Kabo. Na sa kafinta ya kafa mata katako a bango, can sama, na jona ta, na miƙar da ƙahonin huɗu. Baba yana zaune, sakatarensa yana tsaye, ma'aikata sun cika ƙofa. Sai a lokacin na tuna ban san abin da ake yi daga nan ba. Na buɗe laftof, na danna wurin da ake neman wai-fai, ina salati a zuci.

Suna ɗaya ya fito, haruffa da lambobi a cakuɗe, da ƙarfinsa cikakke. Bai ko nemi lambar sirri ba. Na danna. Shafi ya buɗe. Saƙonnin masu kantuna suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya.

Duk ɗakin babu wanda ya kai ni mamaki. Na daure na gyara murya, na ce, "To, ta kama."

Baba ya tashi ya je gaban akwatin, ya daɗe yana kallon ta, hannuwansa a baya.

"Kuma ka ce ba a sa mata kati?"

"Ba ta ci, Baba. Daga iska take ja."

"Allah ya yi maka albarka, Malam."

Wannan ne karo na farko da ya faɗa min haka ni kaɗai, ba a cikin jam'i ba. A hanyar komawa ni kaɗai a kan babur ina ta murmushi, har wani mai mota ya yi min hon.

Alamu kam sun yi ta zuwa, ni ne na yi ta kore su. Sakatare ya kira ni ya ce kullum ƙarfe shida na yamma intanet ɗin yana ɗaukewa, sai takwas na safe ya dawo. Na ce masa ai aikin fayawol ke nan, ya san lokacin tashi daga aiki, sai ya kulle ƙofa. Ya ce ranar Juma'a ma daga sha biyu zuwa uku ba ya yi. Na ce to ka ga ni, har Juma'a ya sani. (Mutumin nan ya girme ni da shekara ashirin, kuma "ikon Allah" kawai ya ce.)

Sai kuma ya zama bayan 'yan kwanaki abin yakan mutu da rana tsaka. A kira ni, in nemi izini wurin hedimasta, in hau babur. In na isa sai in hau kujera, in karkata ƙaho ɗaya gabas, ɗaya yamma, in murɗa maɓallan, in sauko in ce a ba shi lokaci. Wani lokaci minti goma, wani lokaci awa guda, sai ya dawo. Ma'aikata su ce hannun Malam daban ne.

Tun da kyauta ne, ban ga dalilin rowa ba. Na nuna wa direbobi yadda ake hawa. Na nuna wa masu kawo madara. Kafin wata guda, gindin bangon ofishin Baba ya zama majalisa. Wannan yana sauke wa'azi, wancan yana kallon dambe, wani yana kiran ɗan'uwansa a Saudiyya suna ganin juna. Duk wanda ya gan ni sai ya ɗaga min hannu.

Bangon nan da na kafa akwatin a jikinsa, bayansa shagon Hajiya Lami ne, inda ake buga takardu da hoto da cike fom ta intanet. Mai yi mata aiki wata baiwar Allah ce, Malama Furera, mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku. Ba ta da hayaniya, kullum kanta a kan kwamfuta. Wata rana na fito daga murɗa ƙaho, na tarar da Hajiya a ƙofar shago ranta a ɓace. Bayan mun gaisa ta ce, "Malam, kai da ka sani, data da nake sa wa ta wata guda yanzu kwana huɗu take yi. Yanzun nan ma na sake sa wata. Me ke kawo haka?"

Da ina da hankali, a nan zan tsaya in haɗa biyu da biyu. Maimakon haka na gyara tsayuwa na ce, "Hajiya, data ba ta tafiya da kanta. Sai dai ki sa ido a kan wanda ke zama da kwamfutar. Ma'aikatan yanzu sai a hankali."

Malama Furera tana ciki, kuma na tabbata ta ji. Bayan mako guda na lura wata yarinya ce a kujerarta. Ban tambaya ba.

Ana haka Baba ya gama ɗakin sanyi, ya sa ranar walima. Kwana biyu kafin ranar ya kira ni ya ce abokansa huɗu 'yan kasuwa suna son irin na'urarsa, don haka yana so in yi wa jama'a bayani a wurin taron, in ya so in koma Kano in sayo musu. Na kwana biyu ina rubuta jawabi. Ramlatu ta goge min farar shadda, ta ce, "Ka taƙaita dai."

An kafa rumfuna a filin gaban ginin. Ga malamai, ga 'yan kasuwa daga Gwarzo da Lakwaya, ga ardo-ardo na rugagen da ke kawo madara, ga dangin Baba daga Kara. Mata suna rumfarsu a gefe, Ramlatu da mahaifiyarta a gaba, Hajiya Lami kusa da su a matsayin maƙwabciya. Wanda aka ɗauko ya kawo lasifika wani ne Sabo, wanda duk wani biki da wa'azi a yankin shi ake kira. Tun safe kayansa suke ba shi wahala. Makirfo ɗinsa marar igiya ne, kuma muryar mai magana sai ta riƙa yankewa tana ƙara kamar ana soya ƙwai.

Bayan an yi addu'a an yanka zare, aka kira ni. Na sa an sauko da akwatin daga bango, an ɗora ta a tebur a kan farin ƙyalle, an jawo mata wuta. Sabo ya miƙo min makirfo.

"Assalamu alaikum," na ce.

Sai jerin fitilun nan na gaba, waɗanda tun da na saye ta ban taɓa ganin sun kama ba, suka yi tsalle kore shar, suka koma. Na yi shiru, suka mutu. Na ce, "Jama'a," suka sake tashi.

Mutane suka fara nunawa. Ni ma ban gane ba, amma bakina ya riga hankalina. Na ce, "Alhamdulillahi, kun gani da idonku. Waɗannan fitilu da kuke gani, yanzu haka wasu ne daga nesa suke ƙoƙarin shiga kwamfutar Baba, fayawol yana mayar da su." Kowace kalma na faɗa, fitilun suna rawa tare da ita. Wani dattijo ya ce, "Kai, ɓarayin nan da naci suke."

Na hango Sabo ya bar kayansa ya taho, ya tsaya gaban tebur ya karkata kai. Ya juya akwatin ya duba bayanta. Ba da mugunta ya yi ba, murna ce ma a fuskarsa.

"Malam, ashe kana da uwar makirfo ka bar ni ina ta fama tun safe?"

Na kawar da makirfon daga bakina. "Wace uwar makirfo? Rauta ce."

"Irin tawa ce sak, kamfani ɗaya. Tawa mai biyu ce, taka mai huɗu. Ita ke karɓar murya daga makirfo ta kai wa lasifika. Ba ka ga tana amsa maganarka ba? Bari ka gani."

Kafin in ce wani abu ya je ya zaro igiya daga tasa, ya jawo ta. A 'yan daƙiƙun nan komai ya dawo min lokaci ɗaya: yadda mai gwanjo ya yi ta leƙen ƙasan akwatin, da ƙarfe shida na yamma, da Juma'a, da fuskar Hajiya a ƙofar shago. Na sunkuya kusa da Sabo, makirfon yana daidai ƙirjina, na yi ƙasa da murya iya yadda zan iya. Ban lura ya riga ya soka igiyar ba.

"Sabo, don girman Allah ka rufa min asiri, surukina yana kallo."

Tun safe ba a ji magana ta fita tas kamar wannan ba. Babu yankewa, babu ƙara. Lasifika huɗu suka ɗauke ta, ta bugi bangon ɗakin sanyi ta dawo, har masu shago a tsallaken titi suka ɗago kai.

Na ji wani ya ajiye kofi a hankali. Sabo ya tsaya da baki buɗe, sannan ya miƙa hannu ya karɓe makirfon ya kashe, abin da ya kamata in yi tun farko. Na kalli rumfar mata, na ga Ramlatu ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya. Baba kuwa ban iya kallon sa ba. Takalmansa kawai na gani, ba su motsa ba.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce da sauƙi. Sai wani direba daga baya ya ɗaga waya ya ce, "To amma ga shi har yanzu ina kan intanet. Daga ina yake zuwa?"

Hajiya Lami ta miƙe a hankali. Ta ce a miƙo mata wayar. Ta daɗe tana kallon sunan nan mai haruffa da lambobi. Sannan ta ratsa taron ta shiga shagonta. Ba a yi minti ɗaya ba sai guna-guni ya tashi a ko'ina, kowa yana duba wayarsa: ya ɗauke, ya ɗauke. Ta fito riƙe da wani ɗan farin akwati, igiyarsa tana reto, ta ɗaga shi sama, ta nuna takardar da ke manne a ƙasansa, mai ɗauke da wannan sunan sak.

"Ga iskar da kuke ja," ta ce. Ta juyo gare ni. "Malam, kai ka ce min in sa ido a kan mai aikina. Na kori baiwar Allah mai marayu uku, na ce mata maciya amana. Ashe kai ne ka tara min gari a bayan bango."

Na so ƙasa ta tsage. Dariyar da wasu suka fara ma ta tsaya, don kowa ya san Malama Furera.

Baba ya tashi. Ya karɓi makirfo daga hannun Sabo, ya kunna da kansa, ya ce, "Jama'a, a ci abinci. Hajiya, laifin gidana ne, kuma za a gyara yau." Ya ajiye. Da ya zo wucewa ta gabana bai tsaya ba, ya ce, "Malam, taho."

A motarsa muka tafi, shi da direba a gaba, ni da kunyata a baya, Hajiya da wata 'yar'uwarta suna bin mu a wata motar. Mun sami Malama Furera a zauren gidansu ta kasa ƙuli-ƙuli da gyaɗa a faranti, abin da ta koma yi ke nan. Ta shimfiɗa mana tabarma, aka gaisa kamar ba komai. Baba ya dube ni, ya ce, "Faɗa mata."

Na faɗa, tun daga gwanjo har lasifika. Ban rage komai ba, don Hajiya tana zaune tana cike duk inda na yi niyyar tsallakewa.

Malama Furera ta saurara har na gama. Sai ta ce, "Ai na sani ba daga shagon ba ne. Na duba cikin rautar na ga wayoyi sama da ashirin a kanta. Na ce wa Hajiya a sa lambar sirri, ta ce ita mantuwa take yi, kuma wai ƙawayena na raba wa." Hajiya ta sunkuyar da kai tana share ido. "Amma Malam, abin da ya fi min ciwo, kai malami ne. Da ka ce a sa min ido, shi ke nan maganata ta mutu."

Na ce ta yafe min, na sake cewa, har sau uku. Ta ce ta yafe, Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Hajiya ta roƙe ta ta koma aiki ranar Litinin. Abin da ke tsakanin Baba da Hajiya kuma su biyu suka daidaita shi, ba a sa ni a ciki ba.

Da za mu tashi, Baba ya ce, "Malama, ashe ke kin san kan abin nan. Ki taimaka ki zaɓo mana ta gaskiya. Malam zai raka ki, ya riƙe miki jaka."

Haka kuwa aka yi. Kafin mu tafi ta sa aka kawo sim na layi uku, ta gwada kowanne a cikin ofishin Baba da ɗakin sanyi, ta ga wanda ya fi ƙarfi. Ta ƙirga masu aiki da kwamfuta, ta tambayi awa nawa ake samun wuta. A Kano kuma, cikin duk kantunan garin, sai ta nufi wannan mai gilashin. Mai kantin ya gane ni nan take, ya ce, "Alhaji, ka zagayo ke nan." Ya yi tambayoyinsa, ta amsa ɗaya bayan ɗaya. Ta sa ya buɗe kwali, ya sa sim, ya kunna a gabanta. Ta karɓi takardar garanti, ta tambaye shi ko kamfanin yana aiko da gyara ta intanet in an gano wata ɓaraka. Ni ina gefe da jaka.

A ofis ta canza lambar sirrin da na'urar ta zo da ita daga kamfani, ta ce wannan kowane ɓarawo ya san ta. Ta kunna fayawol ɗin, ta nuna wa sakatare inda zai ga duk wanda ya hau. Sannan ta raba hanya biyu: ɗaya ta kwamfutocin aiki, ɗaya ta baƙi, mai iyaka, wadda ba ta kaiwa ga komai na ofis. Ta rubuta lambar ta aiki a takarda ta ba Baba, ya ninke ya sa a aljihu. Sai ta tambaye shi wa da wa za a ba.

"Ni, da sakatare, da ke," in ji Baba.

"Malam fa?"

Baba ya dube ni. Ina ganin gefen bakinsa yana motsi, karo na farko da na ga alamar dariya a fuskarsa.

"Malam ɗanmu ne," ya ce. "A ba shi ta baƙi."

Ita kuwa mai ƙaho huɗu, Baba ya sa Sabo ya haɗa mata makirfo ya kai masallacin unguwar. Tana aiki lafiya lau har yau. In na je Kabo sallah ta riske ni a nan, bayan an idar sai wani ya matso ya ba ni hannu ya ce, "Malam, rautarka akwai murya."

Abin da na koya bai da yawa, amma ya zauna. In abu ya zo maka kyauta kuma ba ka san daga ina ba, ka leƙa bayan bango, akwai wanda ake ɗora wa laifi a can. In kuma har ta kai ka ga roƙon a rufa maka asiri, ka fara duba abin da ke hannunka ko a kunne yake.